Hutun Shukar Bana

Litinin, 16 ga Yuni, 1997. Bayan La'asar.

Suwaiba ta ce kwana uku ke nan ina magana ni kaɗai kamar mai iska, gara in nemi wanda zan gaya wa abin da ke cina. Ba ni da wanda zan gaya wa. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin makarantar 'yarmu Hajara, na yage shafukan da ta rubuta.

Yau mutanena suka dawo daga hutun shuka. Tun kafin a busa jiniyar safe sun cika bakin get ɗin masaƙa, wasu a kan keke, wasu sun sauka daga motar Bunguɗu, wasu daga ta Tsafe, kowa ya yi baƙi ya rame irin na wanda ya yi mako biyu a gona. Ana ta tsiya, wane yana cewa geron wane ko kaza ba zai ƙosar ba. Maigadi dai bai buɗe ba. Can wani ya lura da takarda a jikin bango. Suna sittin da huɗu ne a cikinta, duk na sashen saƙa, duk waɗanda nake yi wa helma, wato ni ke kula da aikinsu. A sama an rubuta da Turanci cewa sun bar aiki don kansu, tunda sun wuce kwana uku ba su zo ba, kuma babu takardar izini. Wanda ya bar aiki don kansa kuwa ba shi da notis, ba shi da kuɗin sallama.

Ni ta ƙaramar ƙofa aka shigar da ni. Sunana ba ya cikin takardar.

Baba Yelwa bai san abin da ake ciki ba sai daga baya. Ba ya karatun boko, kuma ƙarar inji ta cinye masa kunne tun tuni, sai da wani ya kafa masa baki ya yi ta ihu. Shekara ashirin da uku yana masaƙar nan. Shi ya koya mini ƙulla zare in ya tsinke, shi ya raka ni Tsafe neman auren Suwaiba. Na hango shi ta tsakanin ƙarafan get yana miƙa wuya yana nemana. Sai na tuna wai akwai abin da zan duba a sito.

Talata, 17 ga Yuni. Da tsakar rana.

Inji ashirin ke aiki cikin tamanin. A ƙarshen zauren, inda aka kashe sauran, har kukan tantabara ake ji.

Laraba, 18 ga Yuni. Bayan Magariba.

Bari in rubuta yadda abin yake, don in wani ya tsinci littafin nan kada ya zaci hauka ce ta kama mutum sittin da huɗu rana ɗaya.

Mu masu saƙa kusan duk manoma ne. Albashi na cefane ne, abinci daga gona yake zuwa. Tun zamanin manajan farko, duk shekara in ruwan shuka ya sauka, helma yakan sallami mutane kwana uku su je su shuka, shi kuma ya riƙe katinsu na shiga aiki ya riƙa buga musu. Ba a taɓa rubutawa ba. Wa ma zai rubuta? Da ka ce wa Baba Yelwa ya kawo takarda kafin ya je gonarsa, da ya ɗauka zaginsa ka yi. Kuma a sashen saƙa ba a magana da baki, ko ka yi ba mai jinka. Komai da hannu ne. Zare ya ƙare, ka murza yatsu. Manaja na tafe, ka shafa tumbi. Hutun shuka kuwa, helma ne ke tsayawa a tsakiyar zaure, ya sara hannu ƙasa kamar mai sungumi, ya murza diddige a siminti kamar mai rufe iri, sannan ya ɗaga yatsu adadin kwanakin. Kowa sai ya cire hula ya kaɗe audugar da ta maƙale mata, alamar ya gani ya gode. Shi ke nan an sallami mutane.

Ranar Litinin biyu ga wata mun wayi gari ƙasa ta sha ruwa. Manaja ya kira ni ofis, har da ba ni shayi, ni kuma wawa na shanye. Ya ce zare ya yi ƙaranci, yadin fasa-ƙwauri ya cika kasuwa, injuna kuma suna son gyara. Ya ce bana in bar mutanena su yi shuka a tsanake, mako biyu cur, ni da mutum ashirin da ya zaɓa mu tsaya.

Na fito da murna, wai ni mai albishir. Na sara hannu, na murza diddige, na ɗaga yatsu goma, na ƙara huɗu. Huluna suka tashi ko'ina. Baba Yelwa ne kaɗai ya tsaya yana duban yatsun, ya karkata kai, ma'ana har haka? Na gyaɗa masa kai, sannan ya cire tasa.

Da rana Comfort, mai buga tafireta a ofis, ta zo ta kwashe katunan, ta ce an ce a kai. Ba ta dube ni ba. Na ji wani abu ya ɗarsu a raina, na kore shi.

Ni ban je shuka ba bana. Gonata ta Rawayya tana nan yadda rani ya bar ta.

Alhamis, 19 ga Yuni. Da safe.

Maganar ranar Juma'ar da ta wuce kam ba zan rubuta ta ba.

Asabar, 21 ga Yuni. Da hantsi.

Amos ya zo gida. Shi ne mai gyaran wutar masaƙa, kuma sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikata. Shekara da shekaru muna yi masa tsiya saboda wani ɗan littafin doka da yake yawo da shi a cikin leda, mukan ce layarsa ce. Yau da ya zaro ledar ban yi dariya ba.

Ya ce dokar ƙwadago ba ta hana kamfani rage ma'aikata ba in kasuwa ta ƙi, amma akwai hanyar da ake bi. Sai an sanar da ƙungiya dalili da yawan waɗanda za a rage. Wanda ya zo daga baya shi ke fara fita. Wanda ya shekara biyar ko fiye sai an ba shi notis na wata guda a rubuce, ko a biya shi albashin watan. Sannan a zauna da ƙungiya a kan kuɗin sallama. Duk wannan Manaja ya tsallake shi da cewa gudu suka yi. Amos ya ce ya kai ƙara ofishin ƙwadago, an sa ranar goma ga watan gobe. Su sittin da huɗun za su ce an ba su izini, amma za a ce kansu suke karewa.

"Kai ne kake ciki har yanzu, Bashar," in ji shi. "Naka bakin ne za a ji."

Na ce masa Allah ya kai mu. Ya ɗauka amsa ce, ya tafi yana godiya.

Suwaiba tana bayan labule ta ji komai. Yayanta Tambaya yana cikin takardar, ga matarsa haihuwa yau ko gobe. Ta fito fuskarta wasai, ta ce ita dama ta san ba za a ci haƙƙin mutane ina tsaye ba. Ta ƙara mini nama a miya. Na ci kaina a sunkuye.

Litinin, 23 ga Yuni. Bayan an tashi aiki.

Manaja ya shigo zaure ya ba ni hannu a gaban kowa, ya tambaye ni karatun Hajara. Shekara tara ina ƙarƙashinsa bai taɓa sanin ina da 'ya ba. Su kuma mutanen suna zuwa bakin get kullum su zauna a gindin dalbejiya. In na zo wucewa sukan miƙe su gaishe ni. Na fara bi ta bayan makaranta, duk da akwai taɓo.

Laraba, 25 ga Yuni. Bayan Azahar.

Ni dai ban buɗe baki na ce wa kowa ya tafi ba. Wannan gaskiya ne. Ban buɗe baki ba.

Lahadi, 29 ga Yuni. Bayan La'asar.

Mun dawo daga Tsafe, sunan ɗan Tambaya. Na so in ce ba ni da lafiya, Suwaiba ta riga ta goge mini riga.

Tun daga hanya abin ya fara. Gero ya tashi kore shar har kusan gwiwa, duk inda ka duba mutane ne da fartanya. Na riƙa tuna tawa gonar. A ƙofar gidan na tarar da 'yan masaƙa sun fi goma, har da mutanen 'Yandoto. Aka tashi wani dattijo daga kan buzu don in zauna, na ƙi, suka matsa. Aka ajiye mini ƙwaryar fura ta farko. Da zagina suka yi da na fi jin daɗi.

Ana ta maganar ranar goma ga wata, wasu na cewa ba a ja da mai kuɗi. Tambaya ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"Ni ba ni da hwargaba," ya ce. "Ga Helma nan. Gabanmu yas sara hannu, shi kau ba ya ƙarya."

Kowa ya ce ƙwarai. Ni na sa fuska a cikin ƙwarya. Da na leƙa barka, matarsa ta ce da an san haka nake da an sa wa yaron sunana.

Litinin, 30 ga Yuni. Da safe.

Ɗaki biyu na haya a Tudun Wada, yara huɗu, gona ba shuka. Na rubuta ne don in gan su a jere, ko za su yi mini kama da hujja.

Talata, 1 ga Yuli. Bayan Magariba.

To, ta fito.

Kamfani ya aika amsarsa ofishin ƙwadago, aka ba Amos kwafi. Ya shigo zaure da tsani a kafaɗa kamar zai duba wuta, ya tsaya a gabana, ya buɗe takardar ya riƙe ta daidai fuskata. Na karanta har ƙasa. Ya naɗe ta, ya ɗauki tsaninsa ya fita.

Tunda kowa zai sani, bari in rubuta da hannuna. Ranar Juma'a sha uku ga Yuni, saura kwana uku su dawo, Manaja ya sake kirana. Wannan karon ba shayi. Takarda biyu ce a kan tebur. Ɗaya ta sunayen waɗanda za su ci gaba da aiki, an buga su da tafireta, sai nawa a can sama da fensir aka rubuta, ga abin goge fensir a gefe. Ɗayar kuma ta ce ni Bashar, helman sashen saƙa, ban ba kowa izinin tafiya ba, kuma ban san dalilin rashin zuwansu ba. Ya ce ba ya tilasta mini, in karanta a tsanake. Yana magana yana juya abin gogewar a hannu.

Na karanta a tsanake kuwa. Na sa hannu. Daga nan na wuce masallacin Juma'a, har na sami sahun gaba.

Laraba, 2 ga Yuli. Bayan Azahar.

Ban je aiki da wuri ba. Labari ya riga ni zuwa gida jiya, matar wani daga cikinsu ce ta kawo shi. Suwaiba ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba, ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki. Yau da safe na tare ta a bakin murhu, na fara jero mata haya da yara da gona. Ta bar ni na gama. Sai shaiɗan ya sa na ƙara da cewa ai in an bi gaskiya ban buɗe baki na ce su tafi ba.

Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Baban Hajara, wa kaka yi ma wayo, ni ko Allah? Diddigen da yam murza siminti ba naka na ba?"

Na ce don su na yi. Ta ce ita ba ta aike ni ba. Ta ce tuwon da za a ci da haƙƙin yayanta da na Baba Yelwa ba za ta tuƙa shi da daɗin rai ba, amma za ta tuƙa, tunda yara ba su da laifi. Ta ɗauki muciyarta ta ci gaba.

Alhamis, 3 ga Yuli. Da yamma.

Na bi ta gindin dalbejiya da gangan. Ba wanda ya miƙe, ba kuma wanda ya zage ni.

Lahadi, 6 ga Yuli. Bayan Magariba.

Na je Kwatarkwashi. Ban san me na je yi ba, na dai ga kaina a cikin mota.

Na tarar da Baba Yelwa a gonarsa ta gindin dutse yana noma a durƙushe, don gwiwoyinsa ba sa barinsa ya daɗe a sunkuye. Shekara biyu yana cewa in an sallame shi da mutunci zai sayi shanun huɗa ya huta da fartanya. Da ya gan ni ya dogara ya miƙe, ya shimfiɗa mini rigarsa a inuwa, ya aika a kawo ruwa. Bai ce mini Bashar ba, bai ce ɗana ba kamar yadda ya saba. Helma ya yi ta ce mini, har da ranka shi daɗe.

Na kafa baki a kunnensa zan fara bayani, ya ture ni a hankali, ya ce kunnen nan ba ya ɗaukar doguwar magana. Ya ce shi ba shanun ne ke hana shi sukuni ba, Allah ke ba da shanu.

"Shekara ashirin da ukku ban taɓa barin jiniya ta riga ni ba," ya ce. "Yanzu ɗiyana sun ji an ce ubansu ya gudu daga aiki. Ina nig gudu zuwa, Helma? Ga ni nan inda kat tura ni."

Ya ce ya tambaye ni ranar, ya karkata kai, ni na gyaɗa masa. Ya ce da Manaja ne ya tsaya a zaure ya yi masa alamar da bai cire hula ba. Sannan ya ce rana tana yi, shi zai koma aikinsa, in gaida Suwaiba.

Na miƙa hannu zan karɓi fartanyar in taya shi, ya hana. A mota na yi kuka, na ce wa na kusa da ni hayaƙin salansa ne.

Talata, 8 ga Yuli. Da tsakar rana.

Manaja ya ce jibi ba wani abu ba ne, lauya zai tambaye ni ko sa hannuna ne, in ce i, in koma aiki. Ya ce an riga an buga sunana da tafireta. Na yi godiya. Har yanzu ina jin kunyar yadda na rusuna.

Laraba, 9 ga Yuli. Bayan La'asar.

Hajara ta tambaye ni me ya sa Kawu Tambaya ya wuce ta ƙofar gida bai shigo ba. Na ce sauri yake yi.

Alhamis, 10 ga Yuli. Bayan Magariba.

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Ofishin ƙwadago ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya. Hajiya Juwairiyya, jami'ar da ke sauraron ƙarar, tana zaune da gilashi a ƙarshen hanci, da gani ta gaji da irinmu. Manaja da lauyansa a gefe ɗaya, Comfort a bayansu riƙe da fayil. Amos da Tambaya da Baba Yelwa a ɗaya gefen. Sauran sun cika waje, tagogi biyu duk kawuna ne.

Lauya ya fara da Baba Yelwa, don ya ga shi ne mai sauƙi. Ya tambaye shi wa ya ba shi izini, ina takardar. Amos ya yi masa ihu a kunne. Baba ya ce su ba su da takarda, helma ne ke tsayawa a yi abin da aka saba. Lauya ya ce wane abu ne aka saba. Baba bai ji ba, ya ce shekara ashirin da uku. Lauya ya yi dariya, ya juya wajen Hajiya ya buɗe hannuwa. Na ga tsohon yana duban bakunan mutane ɗaya bayan ɗaya yana neman gane abin da ake yi wa dariya. A nan raina ya ɓaci, kuma ba da lauya ba.

Aka kira ni. Sa hannunka ne? Na ce nawa ne. Lauya zai zauna, Hajiya ta ɗago kai ta tambaye ni ko abin da ke cikin takardar gaskiya ne. Wannan ba ya cikin abin da Manaja ya shirya mini. Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Sai na ture kujera gefe na tsaya a tsakiyar ɗakin. Na sara hannu ƙasa, na murza diddige a siminti, na ɗaga yatsu goma, na ƙara huɗu.

Wallahi ba a shirya ba. Duk kawunan da ke taga suka cire huluna suka kaɗe, na baya ma da suka ga na gaba suka bi. Tambaya ya cire tasa. Baba Yelwa ne na ƙarshe, kamar waccan ranar. Hajiya ta cire gilashi ta ce mene ne wannan.

"Ranki shi daɗe, wagga ita ta takardar izininmu tun da anka gina masaƙar," na ce. "Ni nib ba su, Manaja yas sa ni. Abin da nis sa ma hannu ƙarya ta."

Lauya ya miƙe yana cewa mutumin da ya yi ƙarya jiya ba a yarda da shi yau. Gaskiyarsa ne, ban ji haushi ba. Hajiya ba ta kula shi ba, ta juya wajen Comfort ta tambaye ta yaushe ta buga takardar sunayen nan da aka liƙa a bango. Comfort ta dubi Manaja, ta dubi ƙasa, ta ce ranar Talata uku ga Yuni, washegarin tafiyarsu. Wato tun kafin kwana ukun su cika an riga an rubuta cewa sun cika. Muryarta ko ta yi ƙasa, kowa ya ji. Ni da nake jin na yi wata jarunta sai na ji kunya, don ita ba ta sa hannu a ƙarya ba kafin ta faɗi gaskiya.

Hajiya ta yi rubutu mai tsawo. Ta ce wannan ragin ma'aikata ne, ba gudu ba. A cire waccan takardar daga bango, a ba kowa haƙƙin notis ɗinsa, kamfani kuma ya zauna da ƙungiya a kan kuɗin sallama, in ya ƙi za ta tura maganar gaba. Manaja ya fita ta gabana bai dube ni ba.

A waje ana ta rungumar Amos da ledarsa. Ni ba wanda ya rungume ni, kuma ban tsaya jira ba.

Juma'a, 11 ga Yuli. Da safe.

Suwaiba ta ce in ƙara kunu. Ita ce magana mafi tsawo da ta yi mini cikin kwana tara.

Litinin, 14 ga Yuli. Bayan Azahar.

An ba ni takardata. Notis na wata guda, a rubuce, da hatimi, ba ko kuskure ɗaya, an ce ma ba sai na wahalar da kaina da zuwa ba, za a biya watan. A duk sashen saƙa ni kaɗai aka sallama yadda doka ta ce tun daga farko. Na yi dariya har maigadi ya tsorata. Comfort ma ta sami tata.

Amos ya ce zai kai ƙara a kan namu. Na ce ya fara gama na mutane. Zaman da suke yi da kamfani bai kai ko'ina ba tukuna, Manaja yana cewa sai dai a biya kashi-kashi. Ko za a ga ƙarshen kashin, Allah ne ya sani.

Alhamis, 17 ga Yuli. Da yamma.

Na je Rawayya na duba gonar. Ciyawa har ƙugu, gonakin maƙwabta kuma gero ya fi ni tsawo. Wani ya wuce ya ce sannu da zuwa, mutanen birni. Na zauna a kan kunya na daɗe. Tsoro nake ji, kuma gara in rubuta shi. Ban san abin da yaran nan za su ci ba in watan nan ya ƙare.

Litinin, 21 ga Yuli. Bayan La'asar.

Yau aka liƙa sabuwar takarda a bangon masaƙa. Na je karɓar kayana na sito, na tarar da su a wurin. Sunayen nan ne dai, sittin da huɗu, sai dai a sama an rubuta cewa kamfani ne ya rage su saboda halin kasuwa. Baba Yelwa ya sa Tambaya ya karanta masa a kunne, ya ce ya sake, ya sake. Sannan ya sa aka nuna masa inda sunansa yake, ya dafa wurin da yatsa.

Na so in raɓe in wuce. Tambaya ya gaishe ni, gajeriyar gaisuwa, amma gaisuwa ce. Baba ya juyo ya gan ni riƙe da buhun kayana. An riga an gaya masa, na gani a fuskarsa. Ya ɗingiso ya tsaya a gabana a tsakiyar hanya. Ya sara hannu ƙasa, ya murza diddigensa a ƙasa. Na tsaya ina jiran ya ɗaga yatsu in ga kwana nawa. Bai ɗaga ko ɗaya ba.

Na ajiye buhun, na cire hula na kaɗe.

Ya kwance wani ƙulli daga bayan keken Tambaya, a cikin ƙyallen akoko irin wanda muke saƙawa, ya ɗora mini a hannu. Yana da nauyi.

"Gero ya wuce ka, Bashar," ya ce da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa. "Wake na. In kas sa shi cikin satin ga, shina yi."

Bai jira godiya ba, ya juya ya koma wajen takardarsa.

Suwaiba ta zuba irin a faifai tana tsince masu huji. Ta ce gobe in tashe ta da wuri, za ta dama mini furar da zan tafi da ita, motar Bunguɗu ta farko ba ta jira.